Wa ya cancanta, wa aka bari a bakin ƙofa? Gardamar da ba ta ƙarewa kan zauren gwarzayen kiɗan rok

Ranar 8 ga watan Nuwamban 2025 aka gudanar da bikin shekara-shekara na Rock and Roll Hall of Fame a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, wato bikin da ake shigar da sabbin sunaye cikin zauren gwarzayen kiɗan rok. Ƙungiyoyin da suka samu shiga a wannan shekarar su ne Soundgarden da Bad Company da The White Stripes da Outkast, sai kuma mawaƙa uku, Cyndi Lauper da Joe Cocker da Chubby Checker.

An sha kiɗa an kuma yi jawabai, amma duk wanda ya duba jerin sunayen da kyau zai ga wani abu da ke damun masoya wannan kiɗa. Joe Cocker ya rasu tun watan Disamban 2014. Chris Cornell, muryar Soundgarden, ya rasu a watan Mayun 2017. Mick Ralphs, mai kaɗa gitar Bad Company, ya ji labarin an zaɓe su a watan Afrilu, amma rai ya yi halinsa a watan Yuni, bai ga ranar bikin ba. Shi kuwa Chubby Checker, wanda waƙarsa The Twist ta tashi kan duniya a 1960, sai da ya kai shekara 84 kafin a buɗe masa ƙofa. Ga mutane da dama, irin wannan karramawa ba ta da maraba da ihu bayan hari.

Ga kuma waɗanda aka sake bari a waje. Oasis sun shiga jerin ƴan takara a 2024 da 2025, ba su samu ba. Phish ne suka lashe ƙuri'ar jama'a ta intanet a 2025, su ma ba su samu ba. Iron Maiden kuwa ko sunansu bai fito a jerin 2025 ba. Haka ake yi kowace shekara: da zarar an bayyana sunaye, sai gardama ta ɓarke a gidajen rediyo da jaridu da shafukan sada zumunta. A zahiri ana musu ne kan wace ƙungiya ta fi wata, amma idan aka bi diddigi, tambayar da ke ƙasa ita ce: wa ke riƙe da mudun, kuma me yake aunawa da shi?

Yadda ake zaɓen

An kafa gidauniyar zauren a 1983. Jagoranta shi ne Ahmet Ertegun, ɗan asalin Turkiyya da ya kafa kamfanin faifai na Atlantic, tare da wasu manyan harkar da suka haɗa da Jann Wenner na mujallar Rolling Stone. A 1986 aka shigar da rukunin farko na sunaye goma da ake ɗauka iyayen wannan kiɗa, cikinsu har da Chuck Berry da Little Richard da Ray Charles da James Brown da Fats Domino da Elvis Presley. Gidan tarihin kansa an buɗe shi a watan Satumban 1995 a birnin Cleveland na jihar Ohio, a bakin tafkin Erie. Wanda ya zana ginin shi ne I. M. Pei, mutumin da ya zana dalar gilashin nan ta gidan tarihin Louvre a Paris. An zaɓi Cleveland ne saboda a nan mai gabatar da shirin rediyo Alan Freed ya yaɗa sunan wannan kiɗa a farkon shekarun 1950.

Ƙa'idar farko mai sauƙi ce: sai an cika shekara 25 da fitar da faifan farko na kasuwa kafin mawaƙi ko ƙungiya su cancanci takara. Daga nan wani ƙaramin kwamiti ne ke zama ya tsara jerin ƴan takarar shekara. Sai a aika jerin ga masu jefa ƙuri'a sama da 1,000, waɗanda suka haɗa da mawaƙan da aka riga aka karrama, da masana tarihi, da ƴan jarida, da manyan kamfanonin faifai. Ba a bayyana yawan ƙuri'un da kowa ya samu. Sakamako kawai ake faɗa.

Tun daga rukunin 2013 aka ba jama'a damar jefa tasu ƙuri'ar ta intanet. To amma a nan gizo ke saƙa. Duk miliyoyin ƙuri'un da jama'a suka jefa, ana tattara sunayen da suka zo kan gaba ne, da can biyar, daga baya bakwai, a mayar da su takardar ƙuri'a guda ɗaya tak cikin sama da dubu. Shi ya sa Dave Matthews Band suka zo na ɗaya a 2020 da ƙuri'u fiye da miliyan guda amma aka bar su a waje, sai a 2024 suka shiga. Abin da ya ci su shi ya ci Phish a 2025.

Akwai kuma ƙofofin gefe. Ban da rukunin manyan masu wasa, kwamiti na iya karrama mutum kai tsaye a rukunin waɗanda suka yi tasiri tun farko, ko rukunin ƙwarewa a kiɗa, ba tare da an kai batun gaban masu ƙuri'a ba. Wasu na ganin wannan hanya ce ta gyara kuskure, wasu kuma na kallonta a matsayin ladar ganin ido.

Waɗanda suka gaji da jira

Babu waɗanda suka fi kuka da zauren kamar masoya heavy metal, reshen rok mai nauyin gita da ƙarar ganga. Black Sabbath, ƙungiyar birnin Birmingham na Ingila da ake ɗauka uwar wannan salo, ta fitar da faifanta na farko a 1970, amma sai 2006 ta shiga. Kafin nan, a 1999, mawaƙinta Ozzy Osbourne ya rubuta wasiƙa yana neman a cire sunansu daga jerin gaba ɗaya, yana mai cewa ba masoya ne ke zaɓen ba. Deep Purple sun fara fitar da faifai a 1968, suka jira har 2016, lokacin da Jon Lord, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya riga ya shekara huɗu a kabari. Judas Priest sai ta ƙofar gefe suka shiga a 2022. Motörhead sau ɗaya aka saka su a takara, a 2020, shekaru bayan rasuwar jagoransu Lemmy.

Misalin da aka fi kawowa shi ne Iron Maiden. Steve Harris ya kafa ƙungiyar a Landan a 1975, kundinsu na farko ya fito a 1980. Sun sayar da miliyoyin faifai ba tare da gidajen rediyon Amurka sun cika saka waƙoƙinsu ba, suna cika filayen ƙwallo daga Brazil zuwa Indiya, har jirgin sama suke ɗauka na yawon wasa, wanda mawaƙinsu Bruce Dickinson ke tuƙawa da kansa. Duk da haka, ya zuwa bikin 2025, sau biyu kawai aka saka su a takara, a 2021 da 2023. Dickinson bai ɓoye ra'ayinsa ba: ya sha cewa kiɗan rok abu ne mai rai, ba abin kaiwa hubbare a Cleveland ba.

Masoya ɗayan reshen, wato rok mai dogayen waƙoƙi da sarƙaƙƙiyar kiɗa, su ma suna da nasu ƙorafin. Rush ta Kanada ta cancanta tun ƙarshen shekarun 1990, sai 2013 ta shiga. A daren bikin, mai gitarsu Alex Lifeson ya hau dandamali ya shafe jawabinsa gaba ɗaya yana maimaita wata kalma maras ma'ana, yana kwatance da hannu, abin da mutane da yawa suka fassara da shaguɓe ga dogon jiran da aka sa su. Yes sun shiga a 2017, shekara biyu bayan rasuwar Chris Squire. King Crimson da Jethro Tull kuwa ba a taɓa ma saka sunansu a takara ba har zuwa 2025.

Abin da ke ƙara wa magoya bayan waɗannan ƙungiyoyi haushi shi ne ganin wasu na shiga a shekararsu ta farko da cancanta. Nirvana sun shiga a 2014, Green Day a 2015, Pearl Jam a 2017, Foo Fighters a 2021, babu wanda ya yi zaman jira cikinsu. Ba wanda ke musun girman Nirvana, amma ana tambaya: ta yaya almajiri zai riga malaminsa shiga zaure?

Mudu biyu, kasuwa ɗaya

Zauren na cewa abin da yake dubawa shi ne tasirin mawaƙi a kan sauran mawaƙa, da zurfin aikinsa, da sabon abin da ya kawo. Bai ce yawan ciniki ba. A kan wannan ma'auni ne The Velvet Underground suka shiga a 1996, alhali faifansu na farko na 1967 bai yi kasuwa ba a lokacinsa. Haka Ramones a 2002: ba su taɓa zama manyan masu ciniki ba, amma ɗaruruwan ƙungiyoyi daga jikinsu suka tsiro.

Masu adawa da wannan ma'auni na cewa tasiri kalma ce da marubutan mujallu ke lanƙwasawa yadda suke so. A ganinsu, ƙungiyar da miliyoyin mutane suka sayi faifanta, suka yi aure da waƙoƙinta, suka yi kuka da su, ta yi tasirin da ya fi na wadda ƴan jarida kaɗai suka sani. Shekaru da dama ana zargin cewa ɗanɗanon mujallar Rolling Stone ne ke mulkin kwamitin, ganin Jann Wenner ya daɗe yana shugabantar gidauniyar. Ƙungiyoyin da mujallar ba ta cika yabo ba, irin su Kiss da Journey da Bon Jovi da Foreigner, su ne suka fi daɗewa a layi. Kiss sun shiga a 2014, Journey a 2017, Bon Jovi a 2018, Foreigner sai 2024.

Shigarsu ba ta kashe gardamar ba, juya ta kawai ta yi. Yanzu ɗaya ɓangaren ne ke kuka, yana cewa zauren ya koma neman sunayen da za su jawo ƴan kallo a talabijin da masu sayen tikiti. Suna nuni da The Smiths, da aka saka a takara sau biyu aka watsar, da Joy Division tare da New Order, da suka faɗi a 2023 da 2025, alhali kusan duk wata ƙungiyar rok ta Birtaniya da ta biyo bayansu ta sha daga ƙoramarsu. Ga kuma Chic, da aka saka a takara har sau 11 ba su samu ba, daga ƙarshe aka ɗauki jagoransu Nile Rodgers shi kaɗai ta ƙofar gefe a 2017.

Matasan da suka tashi da kiɗan shekarun 2000 su ma layinsu ya fara tsawo. Coldplay da Linkin Park duk sun cika shekara 25 da fara fitar da faifai, amma ya zuwa 2025 ba a saka ko ɗaya cikinsu a takara ba. Kowace shekara sabbin ƙungiyoyi na cancanta, kujerun kuwa ba su cika wuce bakwai ko takwas ba.

Ko bayan an zaɓi ƙungiya, rigima ba ta ƙarewa, domin sai an yanke su wa za a rubuta a cikinta. A 2014 mutum huɗun da suka kafa Kiss kaɗai aka karrama, aka bar waɗanda suka shekara da shekaru suna wasa a ƙungiyar, lamarin da ya sa suka ƙi yin kiɗa a bikin.

Shin gambarar zamani rok ce?

Babbar gardamar da ta fi zafi ta faro ne a 2007, lokacin da Grandmaster Flash and the Furious Five suka zama ƴan rap na farko a zauren. Bayansu Run-DMC suka shiga a 2009, Public Enemy a 2013, N.W.A a 2016, Tupac Shakur a 2017, Jay-Z a 2021, Eminem a 2022, Missy Elliott a 2023, sai Outkast a 2025. Duk lokacin da ɗan rap ya shiga, sai a ji masu cewa an ba shi kujerar Iron Maiden ko ta Motörhead. Gene Simmons na Kiss na cikin waɗanda suka fito fili suka ce ƴan rap ba su da gurbi a wannan gida. Ice Cube na N.W.A ya mayar masa da martani a jawabinsa na 2016, inda ya bayyana cewa rok ba kayan kiɗa ba ne, ba ma salo ba ne, ruhi ne na ƙin bin sahu da ya taso tun daga kiɗan blues.

Tarihi ya fi karkata ga Ice Cube. Cikin sunaye goma na rukunin farko a 1986, shida baƙaƙen fata ne, kuma Ray Charles da Sam Cooke da James Brown ba a san su da ƙarar gitar lantarki ba. Tun ranar farko ke nan zauren bai taƙaita ga farare huɗu masu dogon gashi ba. Rok ya fito ne daga blues da waƙoƙin coci na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, ya gauraya da kiɗan karkara na farare. Sister Rosetta Tharpe na kaɗa gitar lantarki tun kafin a san Elvis, amma ta rasu a 1973, ba a karrama ta ba sai 2018. Big Mama Thornton ce ta fara rera Hound Dog shekaru kafin Elvis ya yi suna da ita, sai 2024 aka tuna da ita.

Batun mata ma ya daɗe yana tayar da ƙura. Aretha Franklin ce mace ta farko, a 1987. A 2023 mawaƙiya Courtney Love ta rubuta a jaridar The Guardian cewa matan da ke zauren ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A watan Satumban wannan shekarar aka cire Jann Wenner daga hukumar gidauniyar, bayan wata hira da jaridar New York Times inda ya yi kalaman raina basirar mawaƙa mata da baƙaƙen fata, yana kare dalilin da ya sa littafinsa na hirarraki ya ƙunshi farare maza bakwai kaɗai. Ya nemi afuwa daga baya, amma ga masu sukar zauren, kalaman sun tabbatar da abin da suka daɗe suna zargi game da hannun da ya riƙe mudun shekaru da yawa.

Masu cewa a kai kasuwa

Ba kowa ke ɗokin shiga ba. Sex Pistols sun ƙi halartar bikin 2006, suka aiko da wasiƙar zagi da aka karanta a gaban taro. Axl Rose ya ƙi zuwa lokacin da aka karrama Guns N' Roses a 2012. Mark Knopfler bai je bikin Dire Straits ba a 2018. Steve Miller ya je nasa a 2016, amma yana sauka daga dandamali ya caccaki masu shirya bikin kan tsadar tikiti da yadda suke mu'amala da mawaƙa. Dolly Parton, sarauniyar kiɗan karkara, ta nemi a janye sunanta a 2022 tana ganin ba ta cancanta ba, aka ƙi janyewa, aka zaɓe ta, ta karɓa, sannan ta fitar da kundin rok a shekarar da ta biyo baya.

To idan haka ne, me ya sa ake ta da jijiyar wuya? Saboda zauren ba biki kaɗai ba ne. Yana da gidan tarihi da ɗakin ajiyar takardu da faifai da shirye-shiryen koyarwa ga makarantu. Yaron da zai nemi sanin tarihin wannan kiɗa nan da shekara 50, jerin nan zai fara cin karo da shi. Wanda ke ciki ya shiga tarihi, wanda ke waje sai mai tono ya same shi.

Fela a bakin ƙofa

A nan ne gardamar ta iso Afirka. Zauren na Amurka ne, kuma kusan duk waɗanda ke cikinsa Amurkawa ne ko ƴan Birtaniya. Akwai ƴan tsiraru daga wasu wurare: Bob Marley a 1994 da Jimmy Cliff a 2010 daga Jamaika, ABBA ta Suwidin a 2010, AC/DC ta Ostireliya a 2003, Kraftwerk ta Jamus ta ƙofar gefe a 2021. Scorpions ta Jamus, da waƙoƙinta suka zagaye duniya, ba a taɓa saka ta a takara ba. Sai a 2025 aka fara saka ƙungiyar da ke waƙa da harshen Sifaniyanci, wato Maná ta Meziko, ita ma ba ta samu ba. Akwai haifaffun Afirka a ciki, kamar Freddie Mercury na Queen da aka haifa a Zanzibar da Dave Matthews da aka haifa a Johannesburg, amma duk a ƙetare suka gina sunansu.

A 2021 aka saka Fela Anikulapo Kuti a takara. Ƴan Najeriya na gida da na ƙetare, da sauran ƴan Afirka, suka yi dafifi a intanet, har ya ƙare a matsayi na biyu da ƙuri'u sama da rabin miliyan, bayan Tina Turner. Cikin biyar ɗin da suka zo kan gaba a ƙuri'ar jama'a, uku sun shiga: Tina Turner da The Go-Go's da Foo Fighters. Biyun da aka bari su ne Fela da Iron Maiden. An sake saka Fela a 2022, aka sake barinsa, kuma har zuwa bikin 2025 yana waje.

Idan da mudun tasiri ake awo, da wuya a bayyana wannan. Ginger Baker, mai gangar Cream da aka karrama a 1993, ya koma Legas da zama, ya yi faifai tare da Fela a 1971. Paul McCartney ya je Legas a 1973 don naɗar kundin Band on the Run, kuma ya sha ba da labarin yadda kiɗan Fela ya girgiza shi. Talking Heads, da suka shiga zauren a 2002, ba su ɓoye cewa daga Fela suka ɗauko tubalin kundinsu Remain in Light na 1980 ba. Idan kuma ruhin ƙin bin sahu ake nema, mutumin da sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta a 1977 bayan waƙar Zombie, mahaifiyarsa ta rasu sakamakon raunin da ta samu a harin, ba ya buƙatar wani ya koya masa. Ya zuwa bikin 2025, almajiran na ciki, malamin na waje.

Gitar Sahara da ƙa'idar shekara 25

Wannan batu ya shafi Nijar kai tsaye, domin a yau idan mujallun kiɗa na Turai da Amurka na lissafa gwanayen gitar lantarki masu rai, sunayen ƴan Agadas da Tahoua na fitowa. Tinariwen, ƙungiyar Abzinawan Mali da ta samo asali a Tamanrasset ta Aljeriya a ƙarshen shekarun 1970, ita ta buɗe hanya. Robert Plant na Led Zeppelin ya je har Essakane a arewacin Mali a 2003 ya yi wasa a bikin hamada, Tinariwen suka buɗe wa Rolling Stones wasa a ƙasar Ireland a 2007, suka kuma lashe kyautar Grammy a 2012 da kundin Tassili.

A Nijar, marigayi Abdallah Oumbadougou ne ya dasa wannan salo. Bayansa Bombino ya taso yana kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler, dukansu ƴan zauren Cleveland. Dan Auerbach na The Black Keys ne ya shirya masa kundin Nomad a 2013, kundinsa Deran na 2018 kuma ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua da ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024 a kamfanin Matador na New York, kamfanin da aka sani da ƙungiyoyin rok. Ga kuma Les Filles de Illighadad da Etran de l'Aïr da Tal National na Yamai, duk sun zaga Turai da Amurka.

Amma a gwada ɗora ƙa'idar shekara 25 a kansu a ga. Kundin da ya fitar da Tinariwen duniya, The Radio Tisdas Sessions, ya fito a 2001, ke nan a 2026 yake cika shekara 25. Sai dai tun shekaru da dama kafin nan waƙoƙinsu ke yawo a kaset daga hannu zuwa hannu a faɗin Sahara. Wanne ne faifan farko na kasuwa? Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ba ta kanti ya yaɗu ba, ta Bluetooth da katin waya ya zaga Sahel, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tsinci waƙarsa a wayoyin mutane. An ƙera ƙa'idar ce don duniyar da ke da kamfanonin faifai da jadawalin ciniki da mujallu masu ajiye kwanan wata. Kiɗan da ya yaɗu a tashar mota da fada da gidan biki, ba shi da rasit.

Ko a kyaututtukan da suka samu akwai abin lura. Grammy ɗin Tinariwen da takarar Bombino duk a rukunin kiɗan duniya suka zo, ba a rukunin rok ba, duk da cewa gita da ganga iri ɗaya suke riƙe da su. Matuƙar ana ajiye su a wannan kwando, da wuya kwamitin Cleveland ya kalle su a matsayin ƴan gida. Abin da ya samu Fela ya nuna cewa ko ƙuri'un jama'a rabin miliyan ba sa buɗe ƙofar.

Akwai kuma tambayar da ta rage mana a gida. Duk sukar da ake yi wa zauren Cleveland, ya ajiye gitoci da tufafi da takardun waƙa da muryoyin mutanensa, shi ya sa ma ake da abin yin gardama a kai. A Nijar akwai gasar Dan Gourmou da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhadj Taya a Yamai, amma yawancin kaset ɗin shekarun 1980 da 1990 na cikin akwatunan mutane, zafi da ƙura na cin su. Malam Maman Barka ya rasu a 2018, Abdallah Oumbadougou ya bi shi a 2020. Da yawa daga cikin tsoffin naɗe-naɗen makaɗanmu da ake samu a intanet yau, kamfanonin ƙetare ne suka tattara su suka fitar.

Kowace shekara kwamitin na sake fitar da jerin ƴan takara, masoya su sake jefa ƙuri'a, a sake sabuwar gardama. Mai kaset ɗin Oumbadougou a ƙasan akwati kuwa, gara ya ciro shi ya mayar a waya ko kwamfuta tun yana juyawa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.